Ƙwayar Atishawa Da Borin Jini: Ko Akwai Lahani A Sha Ta Kullum?

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, in an share ɗaki da safe kafin azahar ƙura ta sake kwantawa a kan kwanuka. A irin wannan lokaci ne wata tambaya takan yawaita a wannan fili. Wata ta ce wata shida ke nan kullum sai ta haɗiyi ƙwayar atishawa kafin ta sami sukunin yin aikin gida. Wata ta ce shekararta biyu tana sha saboda borin jini, ranar da ta manta kuwa jikinta ya tashi rudu-rudu. Dukansu abin da suke so su sani guda ne: shin wannan sha na yau da gobe ba zai yi musu lahani ba nan gaba? An ma gaya wa waɗansunsu wai yana cinye ƙoda.

To, amsar ta danganta ga wace ƙwaya ce a hannunki, gama magungunan nan gida biyu ne, na dā da na yanzu, kuma tsakaninsu akwai rata mai yawa. Abin takaici, galibinmu ba mu san sunan abin da muke sha ba. Mai kemis ya yanko mana huɗu daga sashe, mu ce "'yar farar nan" ko "'yar rawayar nan", shi ke nan.

Bari mu fara da yadda abin yake a cikin jiki. A fatarmu, da cikin hanci, da ido, Allah Ya ajiye waɗansu ƙananan halittu masu gadi, suna riƙe da wani sinadari da ake kira histamin. In wani mugun abu ya shigo sai su sake shi. Amma jikin waɗansu mutane yakan yi kuskure, ya ɗauki ƙurar katifa, ko ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, ko gashin kyanwa, ko kashin kyankyaso a kan abokin gaba. Da an saki histamin sai ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, hanci ya kama yoyo, ido ya yi ja, fata ta kumbura ta yi ƙaiƙayi. Aikin ƙwayar shi ne ta riga histamin zama a gurbinsa, kamar baƙuwar da ta riga mai gida hawa tabarma. Watau ba ta raba mutum da cutar, tsare ta kawai take yi. In ƙarfinta ya ƙare, ƙurar kuwa tana nan, ciwo ya dawo. Saboda haka macen da ke sha kullum kada ta zaci ta zama 'yar maye, abin da ke tayar mata da ciwon ne bai bar gidan ba.

Magungunan gidan farko sun daɗe. A shekarar 1937 ne Daniel Bovet da wata mace mai bincike, Anne-Marie Staub, suka gano na farkonsu a cibiyar Pasteur ta birnin Faris. Aka fara ba mutane irinsu a 1942, Benadryl ya shiga kasuwar Amurka a 1946, sa'an nan a 1949 aka fara amfani da kilofeniramin, wanda muka fi sani da Piriton. Phenergan ma ɗan gidan ne. Iyayenmu sun san Piriton sarai, domin shi ake haɗa wa mutum da kulorokwin don kashe ƙaiƙayin nan mai hana barci, kafin Nijeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005. Wannan sabo da arahar da yake da ita su suka sa har yau shi hannu ke fara kaiwa gare shi.

Aibin 'yan wannan gida shi ne suna ratsawa su shiga ƙwaƙwalwa. A can kuwa histamin aikin kirki yake yi, shi ke riƙe mutum a farke. In an toshe shi sai gyangyaɗi da kasala da nauyin kai, har washegari. Ban da haka suna taɓa wani sinadari dabam wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi, shi ya sa baki ke bushewa, bayan gida ya yi tauri, ido ya yi dishi-dishi, fitsari ya yi wuyar fita, musamman ga tsofaffi maza. Mai cutar hawan jinin ido ma suna iya tsananta masa.

Wata za ta ce, ai ni ba ya sa ni barci. Ki saurara. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Iowa ta Amurka suka sa mutum 40 tuƙi a cikin na'urar koyon mota. Wata rana a ba su maganin da ke cikin Benadryl na can, miligiram 50, wata rana a ba su giya, wata rana sabon magani. Tuƙinsu ya fi lalacewa ranar tsohon maganin, har fiye da ranar giya. Abin mamaki kuma, jin barci ko rashin jinsa bai nuna wanda hannunsa ya mutu ba. Mutum yana ganin garau yake, alhali kuwa hankalinsa ya yi nauyi. Ki auna wannan da uwargidan da ke tuya a kan wuta da goyo a bayanta, ko mai keken ɗinki, ko maigidan da sana'arsa tuƙi ce.

Ga tsofaffi abin ya fi nauyi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa waɗannan magunguna cikin jerin waɗanda ya kamata mai shekara 65 ya guje musu, saboda ruɗewa da faɗuwa. Tsohuwa ta tashi kewayawa da dare jiri ya kwashe ta, ƙashin ƙugu ya karye, kun san abin da ke biyo baya. Sa'an nan ga maganar gigin tsufa. A 2015 wata malama mai suna Shelly Gray ta jami'ar Washington ta fitar da binciken da aka yi a kan tsofaffi 3,434, aka bi su kimanin shekara bakwai. Waɗanda suka sha magunguna masu busar da baki, har da waɗannan, kwatankwacin kullum fiye da shekara uku, an sami gigin tsufa ya fi yawa a cikinsu da kashi 54 cikin ɗari. Amma a yi adalci. Binciken ya haɗa su ne da magungunan mafitsara da na ciwon damuwa, kuma wani babban bincike da aka yi a Nottingham ta Ingila a 2019 bai ga wannan alaƙa ga magungunan atishawa su kaɗai ba. Ni dai a ganina, tun da akwai madadi mai araha, babu dalilin da zai sa Inna ko Kaka ta riƙa haɗiyar Piriton kowane dare don ta sami barci. Barcin ma ba ya ɗorewa, cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa, a bar ta da bushewar baki kawai.

'Yan gida na biyu su ne setirizin, da loratadin, da feksofenadin, da ƙannensu. Waɗannan kaɗan ƙwarai suke shiga ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaya ɗaya takan kai mutum kwana guda. Su ma gidansu bai rasa ɓata-gari ba. Seldane, wanda ya fito a Amurka a 1985, an gano yana rikita bugun zuciya, musamman in an haɗa shi da eritromaisin ko maganin da ake kira ketokonazol, aka janye shi wajen 1998, wani ɗan'uwansa Hismanal ya bi shi a 1999. Wannan ya sa aka tsananta binciken zuciya a kan sauran, suka tsira. Yanzu an fi shekara talatin miliyoyin mutane suna shan setirizin da loratadin. An ma taɓa gwada setirizin a kan yara wajen 800 'yan shekara ɗaya zuwa biyu a Turai da Kanada, rabinsu suna sha kullum har wata 18, ba a ga ya taɓa girmansu ko wayonsu ba. Likitoci kan bar mai borin jini a kansu wata da watanni, har shekaru in ta kama.

Maganar ƙoda kuwa, ga asalinta. Setirizin ba ya cin ƙoda, amma ta ƙoda yake fita daga jiki. In ƙodar mutum ta riga ta yi rauni sai maganin ya taru, don haka likita kan rage masa awo. Haka loratadin yake da hanta. Awon babba miligiram 10 ne a yini ga kowannensu. Likita yana iya ninka wa mai borin jini mai tsanani har sau huɗu, amma wannan hukuncinsa ne, kada ki yanke wa kanki. Ki sani kuma setirizin yakan sa wajen mutum ɗaya cikin goma jin barci, in kina cikinsu ki mai da shi na dare. Feksofenadin ya fi su sauƙi a wannan fanni, sai dai da ruwa zalla ake shansa, ruwan lemo yana hana shi shiga jiki sosai.

Akwai wani sabon gargaɗi da ya kamata mai shan setirizin ta sani. A watan Mayu na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da sanarwa cewa waɗansu da suka daɗe suna shansa kullum, galibi fiye da wata uku, da suka daina farat ɗaya sai ƙaiƙayi mai tsanani ya taso musu cikin 'yan kwanaki, ko da dā ba ƙaiƙayi ne ya sa su sha ba. Rahoto 209 hukumar ta tattara, abu kaɗan in an gwada da yawan masu sha. Mafi yawansu sun sami sauƙi da suka koma kan maganin, waɗansu kuma suka rabu da shi ta hanyar ragewa sannu a hankali. In kin yi niyyar bari, ki shawarci likita tukuna.

Yanzu kuma ga inda mu mata muke cutar kanmu da hannunmu. Periactin da ire-irensa, waɗanda 'yan mata ke kira sha ka fashe, ainihinsu maganin borin jini ne na gidan farko, buɗe ciki yana cikin illolinsa ne kurum. Amarya ta ga biki ya matso, ƙawaye su ce ta rame, sai a kawo mata kwalba. Ta yini tana barci, ta tashi ta ci, ta koma. Mafi muni, sau da yawa ana haɗa shi da deksametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya rarake ƙashi, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Wannan ƙiba kumburi ce. Ko cikin maganin borin jini akwai masu irin wannan haɗi, kamar Celestamine, wanda ke aiki nan take har mace ta riƙe shi aboki. Wadda ta yi makonni a kansa kada ta yanke da kanta, gama yanke shi kwatsam yana da hatsari, asibiti za ta je a sauke ta a hankali.

Na biyu, ɗura wa jariri Phenergan don ya yi barci uwa ta sami damar aiki ko zuwa biki. Ku ji tsoron Allah. An hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba wannan magani domin yana iya danne numfashinsa har ya tsaya. Ku duba kuma magungunan mura da tari na haɗi, da yawansu akwai kilofeniramin a ciki, sai uwa ta ba yaro biyu ba ta san abu guda ta ninka masa ba. Waɗanda aka ƙara wa maganin buɗe hanci kuma suna ɗaga jini, mai hawan jini ta kiyaye.

Mai juna biyu da mai shayarwa, loratadin da setirizin su likitoci suka fi zaɓa musu, amma a faɗa wa ungozoma ranar awo. Masu sa barci suna bin nono su kashe wa jariri jiki. In kuwa ciki ya tsufa tafin hannu da na ƙafa suka kama ƙaiƙayi da dare ba tare da ƙuraje ba, kada a tsaya kemis, wannan yana iya zama daga hanta ne, kuma yana shafar abin da ke cikin.

Haka nan ba kowane ƙaiƙayi ne na ƙwayar nan ba. In mutanen gida duka suna susa da dare, a nemi ƙazuwa. In ido ya yi rawaya, a auna hanta. Borin jinin da ya wuce mako shida yana so likita ya gani. Mai shesshekar ƙirji da tarin dare, fuka ce ake tsoro, waɗannan ƙwayoyi kuwa ba sa maganin fuka. In leɓe ko harshe ya kumbura numfashi ya yi wuya bayan cin wani abu ko harbin zuma, allura ake bukata a asibiti nan da nan, ƙwaya ba ta da saurin da za ta cece shi.

Wadda toshewar hanci ta fi damu, akwai maganin fesawa da likita kan rubuta wanda ya fi ƙwaya aiki, sai dai yakan ɗauki kwanaki kafin a ji daɗinsa. Kada a rikita shi da na ɗigawa irin su Otrivin, wanda in an wuce mako ana amfani da shi hanci ke ƙara toshewa. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da matashin kai a rana, a rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin kwana, a wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce. Ranar zuwa asibiti kuma a tafi da kwalin maganin ko sashensa, har da wanda maƙwabciya ta bayar, domin likita ya karanta sunan da idonsa.