Kare a Cikin Kanti: Ƙofar da Aka Buɗe wa Makaho

A shekarar 2019 kamfanin John Lewis, ɗaya daga cikin tsofaffin manyan kantunan Birtaniya, ya sanar cewa mai kare na iya shigowa sayayya da karensa, muddin yana riƙe da igiyarsa ko kuma ya ɗauke shi a hannu. A 2022 kamfanin Wilko ya bi sahu a rassansa fiye da 200. Wasu suka yi ta murna, wasu suka ce su da kantin har abada. A Amurka kuwa, a 2023, kamfanin Publix mai kantunan kayan abinci a Fulorida da jihohin da ke kusa ya kafa manyan alluna a bakin ƙofa yana tunatar da jama'a cewa ba a shiga da dabbar gida, sai karen da aka horar don taimakon naƙasasshe. Ba a kafa irin wannan allo sai abin ya ishi mutane.

Wanda ya tashi a inda kare ke tsayawa a ƙofar gida, ko ya bi mafarauci daji, ko ya bi garke, zai iya ɗaukar wannan a matsayin rigimar waɗanda suka ƙoshi. Amma ni ina ganin magana ce mai nauyi, domin idan aka bi ta a hankali za a tarar cewa wanda abin ya fi cutarwa shi ne wanda ya fi kowa buƙatar karensa.

Tushen abin shi ne matsayin kare ya canza a waɗannan ƙasashe. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2023 ya nuna cewa kashi 97 cikin ɗari na masu dabbobin gida a Amurka suna ɗaukar su a matsayin 'yan gida, kuma kusan rabinsu sun ce ba su bambanta su da mutanen gidan ba. A shekarar 2023 ɗin Amurkawa sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobinsu, tun daga abinci har kuɗin likita. Mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗaki ɗaya a hawa na goma, babu ƙane, babu maƙwabcin da zai bar wa amana, karen nan shi ne abokin hirarsa. Idan ka ce masa ya bar shi a waje, ji yake kamar ka kori wani nasa.

Sai annobar korona ta ƙara wa wutar mai. Wata babbar ƙungiyar kula da dabbobi ta Amurka ta ƙiyasta a 2021 cewa gidaje kusan miliyan 23 sun ɗauki kare ko kyanwa a lokacin kulle. Waɗannan 'yan kwikwiyo sun girma ne ubangidansu na gida dare da rana. Ba su saba zama su kaɗai ba, ba su kuma saba da baƙi ba, domin an rufe wuraren horo, ba a kuma ziyara. Da aka koma aiki sai ga kare da ke kuka yana tauna ƙofa da zarar an fita an bar shi. Mafita mafi sauƙi ita ce a tafi da shi ko'ina. Ka ga kenan karen da bai iya zama a gida ba shi ake kai wa cikin cunkoso, alhali shi ne mafi ƙarancin shiri da cunkoson.

Da can ɗaure shi ake yi a jikin ƙarfen bakin kanti a shiga a fito. Yanzu mutane na tsoron ɓarayi, kuma tsoron na da dalili, tun da har majalisar Birtaniya ta yi doka ta musamman a 2024 kan satar kare da kyanwa, mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Barin sa cikin mota a rana kuma na iya kashe shi. Su ma masu kantuna suna da nasu lissafin: Amazon da ire-irensa sun janye musu masu saye, duk abin da zai sa mutum ya tako da ƙafarsa ya shigo, suna maraba da shi.

Waɗannan dalilai ne na gaskiya, ban raina su ba. Inda abin ya lalace shi ne ƙofar da da yawa suka zaɓa su bi, wato wadda aka buɗe wa karen taimakon naƙasasshe.

Ita wannan ƙofa an sha wahala kafin a buɗe ta. A 1916 aka kafa makarantar horar da karnukan jagora a Jamus saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1928 wani matashi makaho Ba'amurke, Morris Frank, ya dawo daga Suwizalan da karyarsa Buddy, ya tsallaka titin Niyok mai cike da motoci a gaban 'yan jarida, shekara ta zagayo aka kafa makarantar farko ta irin wannan horo a Amurka. Daga nan makafi suka yi ta faɗi-tashi shekaru da dama ana korar su daga gidajen abinci da motocin haya, har zuwa dokar haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990. A ƙarƙashin ƙa'idojinta, ma'aikacin kanti tambaya biyu kaɗai zai iya yi: shin wannan kare na aiki ne saboda wata naƙasa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba shi da hurumin neman takarda, ba zai tambayi mutum ciwonsa ba, ba zai ce karen ya gwada aikin a gabansa ba. An yi haka ne da gangan, don kada mai farfaɗiya ko tsohon sojan da yaƙi ya taɓa wa hankali ya riƙa tona asirin lafiyarsa a kowace ƙofa don kawai ya sayi burodi.

Wannan sutura da aka yi wa mai lalura ita wasu suka mayar hanyar wucewa. A intanet ana sayar da 'yar rigar da ake sa wa karen aiki, da katin shaida, da takardar rajista wadda babu wata hukuma da ta san da ita. Akwai kuma wasiƙun da ke cewa dabbar tana kwantar wa mai ita hankali, alhali dokar ba ta ba irin wannan dabba damar shiga kanti ba. Kamfanonin jiragen sama ma sun koka. A farkon 2018 wata mata ta zo filin jirgin Newark da ɗawisu tana son shiga da shi a kan wannan hujja, kamfanin United ya ƙi. Daga Janairun 2021 gwamnatin Amurka ta daina tilasta wa jirage ɗaukar irin waɗannan dabbobi a matsayin na aiki. Jihar Kalifoniya tana da dokar da ta tanadi tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin wata shida ga mai ƙaryar cewa karensa na aiki ne. Amma yaron da aka tsayar a bakin ƙofa, wanda tambaya biyu kaɗai aka yarje masa, ta yaya zai kama maƙaryaci?

Dubi abin da ke faruwa a lungun kanti. Karen jagora na tafe a gefen hagu na mai shi, hankalinsa na kan hanya, yana kauce wa kwandon da aka ajiye a ƙasa. Kusan shekara biyu aka yi ana rainonsa da horar da shi, an kashe dubban daloli masu yawa. Kwatsam wani ɗan ƙaramin kare ya zabura daga ƙarƙashin keken sayayya yana haushi, igiyarsa mai miƙewa ta ba shi tazarar taku biyar. Mai shi na dariya yana cewa ai wasa yake so. Makahon ba ya ganin abin da ke faruwa, hannunsa ne kawai ke jin ƙarfen riƙon yana fizga. Idan aka ciji karen, ko ya firgita sosai, yana iya zama mai tsoron karnuka har a yi masa ritaya, mai shi ya koma layin jiran wani na tsawon watanni. Saboda irin wannan ne Birtaniya ta gyara dokarta a 2014, ta mayar da harin kare a kan karen taimako laifin da zai iya kai mai karen kurkuku shekara uku.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Manajan da karen bogi ya yi wa fitsari a kan kaya jiya, gobe da zargi zai tarbi mai naƙasa na gaskiya, musamman wanda naƙasarsa ba ta bayyana a jiki.

Sauran masu ɗaukar nauyin su ne ma'aikata da sauran masu saye. Mai shara ne zai zo da bokiti da tsumma, ba wanda ya tsara manufar a ofis ba. Akwai masu asma da waɗanda gashin kare ke tayar wa ciwo, akwai yaron da tsayinsa daidai da bakin karen, akwai wanda aka taɓa ciza. Shi ma karen sau da yawa ba daɗi yake ji ba: ƙasa mai santsi, ƙarar kekuna, hannayen baƙi. Wanda ya san kare zai gan shi yana hamma, yana lasar baki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu.

'Yan uwanmu da ke gadi a kantunan Landan ko tuƙin tasi a Manchester wannan magana ta shafe su kai tsaye, kuma wajibi ne su rarrabe karen sha'awa da karen aiki. A dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, direban da ya ƙi ɗaukar mai karen taimako ya yi laifi, tararsa na iya kai fam 1,000, kuma takardar uzurin rashin lafiya ce kaɗai ke fitar da shi. Ta fuskar addini ma akwai sarari, domin a mashhurin mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don buƙata kamar farauta da kiwo. A 2008 malaman Birtaniya suka ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karen jagoransa, aka keɓe wa karen wuri a wajen ɗakin salla.

A nawa ra'ayi, kantin abinci da shagon magani ba wurin karen sha'awa ba ne ko kaɗan, kuma ƙa'idar tsaftar abinci ta Amurka ta yi daidai da ta hana. Kantin littattafai ko na kayan gini, mai shi ya zaɓa, ya rubuta a ƙofa don mai tsoro ko mai lalura ya sani tun daga waje. Inda aka yarda kuwa, ma'aunin ɗabi'a sananne ne. Tun 1989 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka take da jarrabawa mai mataki goma: kare ya ratsa taro ba ya jan igiya, ya zauna idan an ce ya zauna, ya wuce wani kare ba tare da ya nufe shi ba, kada ya zabura idan wani abu ya faɗi. A ƙara da gajeriyar igiya, ba a sa shi cikin keken da wani zai ɗora kayansa, wanda karensa ya ɓata wuri kuma shi zai goge.

Abin da manajoji da yawa ke jin tsoron amfani da shi shi ne ikon da dokar naƙasassu ta Amurka ta riga ta ba su. Ko da karen aiki ne na gaskiya, idan ya fi ƙarfin mai shi ko ya yi bahaya a cikin kanti, ana iya cewa a fitar da shi, a ci gaba da yi wa mai shi hidima ba tare da karen ba. Ba a buƙatar sanin ciwon kowa ko duba wata takarda kafin a yi hakan, halin karen a fili yake. Kamfanin da ya koya wa ma'aikatansa wannan, ya kuma tsaya musu idan mai saye ya ɗaga waya yana ɗaukar su bidiyo, zai rage karnukan bogi a kantinsa ba tare da ya tsare makaho ko ɗaya a bakin ƙofa ba.