Makirufo Mara Waya, Jakin da ke Dakon Muryar Fasto

Makirufo mara waya jaki ne mai dako. A bakin fasto ake yi masa lodi, ya bi iska da kayan har wurin ɗan akwatin nan mai eriya da ke gefen mikisa, a sauke, a miƙa wa lasifika. Dattawan ikilisiya da za su fitar da kuɗin baiko su saye shi, su yi irin cinikin da ake yi a kara, inda ba a biya sai an ga tafiyar dabba.

Abu na farko, turba. Kowane makirufo da mitar da yake bi, in biyu suka hau mita ɗaya, kamar jakuna biyu ne da mangala suka haɗu a lungu, dole kaya su zube. Masu arahar nan turba ɗaya tak suka sani. Ran da majami'ar da ke bayanku ta sayi irinsa, sai ku ji wa'azinsu a lasifikarku ana tsakiyar addu'a. Ku nemi na UHF wanda ake iya sauya masa tasha, akwatinsa kuma mai eriya biyu, don in ɗaya ta rasa murya ɗayar ta cafke. Masu bin 2.4 GHz suna da sauƙin haɗawa, amma hanyarsu ɗaya da Wi-Fi, hanyar ranar kasuwa ke nan.

Gwajin ranar Asabar a majami'a wayam ba ya faɗin gaskiya duka. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, yana shanye siginar, shi ya sa makirufon da ya yi lafiya jiya yake yankewa ranar Lahadi da benci ya cika. A ɗaga akwatin sama da kawunan jama'a, kada a kulle shi cikin kabad na ƙarfe.

Sai dusa, wato batir. Batirin alkalin mai kyau yakan kai wajen awa 8 a makirufon Shure ko Sennheiser na ainihi, amma batirin tocila na tebur ko waƙoƙin zumuntar mata ba zai ƙarasa ba. A zuba sabo kafin sujada, a cire bayan an tashi, domin in ya kwana ciki ya tsiyaye, ya cinye ƙarfen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne riƙon da ake yi wa makirufon. Mawaƙi ya dunƙule masa kai da tafi, sai ƙarar nan mai huda kunne ta tashi, tsofaffi su toshe kunnuwa. Wani ya kama shi ta gindi, inda eriya take, ya shaƙe shi. Wani ya bubbuga shi don ya ji ko yana aiki, alhali magana ta isa. Ragar kansa kuwa tana kwancewa, a wanke yawu da ƙurar hunturu da ruwan sabulu, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin duk wannan, a ba shi jakar ajiya da kuɗin batir na wata.