Yadda mutum ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa a cikin falonsa

A ƙarshen shekarar 1969, Paul McCartney na cikin tsaka mai wuya. Ƙungiyar Beatles, wadda ta sa duniya ta san shi, tana gab da wargajewa, domin tun a watan Satumba John Lennon ya shaida wa abokansa cewa zai fice.

Mawaƙin da ya saba kiɗa tare da mutum uku ya wayi gari shi kaɗai. Ko zai iya ba tare da su ba?

Sai ya sa aka kai masa na'urar naɗar sauti ƙirar Studer gidansa da ke unguwar St John's Wood a Landan. Na'urar na da layi huɗu kacal, kuma babu teburin daidaita sauti. Kai-tsaye yake jona makirufo a bayanta. Idan ya saurara ya ji ƙara ta yi yawa, sai ya matsar da makirufon baya ya sake.

Dabarar ita ce ɗora sauti kan sauti. Zai kaɗa abu ɗaya a layin farko, ya mayar da tef baya, ya saurari abin da ya yi, sannan ya amsa masa da jita ko ganga a layi na biyu. Kowane layi shi ke nuna wa na gaba hanya, tamkar mutum yana hira da kansa. Wasu kiɗe-kiɗen, kamar "Valentine Day", nan take ya ƙirƙire su ba tare da an rubuta komai ba.

Hatta waƙar da ta buɗe kundin, "The Lovely Linda", gwajin na'urar ce kawai. Ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ana jin ƙarar ƙofa da dariya a cikinta. Bai goge ba.

Daga baya ya ƙarasa aikin a situdiyon Morgan da na Abbey Road a asirce. Shi ya kaɗa duk kayan kiɗan, matarsa Linda ta yi masa amshi.

Kundin mai suna "McCartney" ya fito ranar 17 ga Afrilun 1970, mako guda bayan jaridu sun bazu da labarin rabuwar Beatles. Masu sharhi sun yi masa ca, suna cewa ɗanyen aiki ne. Duk da haka ya yi mako uku a matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka.

McCartney ya sake irin wannan aiki a 1980, sannan a 2020 lokacin kullen korona.

A yau wayar da ke aljihun matashi na iya ɗaukar layukan da suka ninka na waccan na'ura sau da yawa. Wahalar da ta rage ita ce wadda layi huɗu suka ɗauke wa McCartney: sanin lokacin da ya kamata a dakata.