3.2 Mutum-mutumin Sukari a Unguwar Williamsburg

A wannan sashe za a dubi yadda mai fasaha ke tono tarihin wuri. Williamsburg unguwa ce a birnin New York na Amurka, wadda a da ta kasance unguwar masana'antu. A nan ne masana'antar tace sukari ta Domino take, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1882, aka kuma rufe ta a 2004. Akasarin ma'aikatanta baƙi ne. Da farko Jamusawa ne da mutanen Poland da na Ireland, daga bisani mutanen Puerto Rico da sauran tsibiran Karibiyan suka shigo.

A shekarar 2014, gab da a rushe rumbun sukarin domin gina gidaje masu tsada, wata baƙar fata mai suna Kara Walker ta ƙera ƙaton mutum-mutumi a cikinsa, mai tsawon ƙafa 75. Ta yi shi da kan mace baƙar fata mai ɗaurin kallabi, a kwance irin kwanciyar zaki, ta lulluɓe shi da farin sukari. A kewaye kuma akwai siffofin yara ɗauke da kwanduna, wasunsu na alewa ne, suka riƙa narkewa saboda zafi.

Idan aka lura da kyau, hikimar a nan take. Wato ta mayar da hankalin mai kallo ga bayin da suka noma raken, tun kafin ya iso hannun baƙin da suka tace shi. Sai dai ana iya cewa ma'aikatan unguwar, waɗanda tsadar haya ke kora, ba su fito sosai a aikin ba. Bayan kammala nunin a watan Yuli, an rushe rumbun.