Yadda Faifai Ya Tsayar da Waƙoƙin Jiya

Ma'aikacin da ya taso daga masana'antun Bompai ya nufi gida a Dakata, ya kunna Bakandamiyar Shata a wayarsa, yana jin zama ɗaya ne kawai daga cikin zaman da aka yi ta rera ta. Marigayi Mamman Shata ba ya rubuta waƙa. Kowane taro da irin baitukan da yake zubawa, makaɗan kalangu da 'yan amshi suna biye da shi. Wadda muka haddace ita ce wadda aka yi sa'ar ɗauka.

Haka kiɗan jaz yake a Amurka, inda faifansa na farko ya fito a 1917. Faifan garmaho na lokacin bai wuce minti uku zuwa huɗu a kowace fuska ba, dole makaɗa su taƙaita abin da suka saba ja da tsawo a dandali. Wannan ƙunci ya fi tsanani ga mawaƙin Hausa, wanda yabo ɗaya kan ci masa rabin sa'a.

Gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya ba mawaƙan Hausa sarari, kamfanin EMI kuma ya buga fayafayan Shata da Ɗan Maraya Jos. Daga baya kaset ya kai waƙoƙin har tasha da teburin mai shayi. Sai dai kofi bisa kofi ya dusashe sautin, kuma da yawa suna yawo yau ba shekarar ɗauka, ba sunan makaɗi ko ɗaya. Wannan rashi yana da ciwo, domin makaɗan nan su ne rabin waƙar.