Taurarin Abzin: ƴan gida ɗaya, jita ɗaya

A ƙasar Kwanni, Malbaza da Illela, kowa ya san kiɗa gado ne: ɗan makaɗi yakan tashi da kalangun ubansa a kafaɗa. To, ashe kiɗan zamani ma yana iya tsayuwa bisa zumunta. Shaidar haka tana Agadas, wurin ƙungiyar nan Etran de l'Aïr, wadda ma'anar sunanta da Buzanci da Faransanci ita ce Taurarin Abzin.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1995. Makaɗanta ƴan'uwa ne da ƴaƴan dangi, daga wani gidan makiyaya da ya bar daji ya zauna birni bayan farin shekarun 1970, wanda dattawan jihar Tawa ba su manta ba. Jita ɗaya tak suka mallaka da farko, ita ma ba ta lantarki ba. A maimakon ganga, sai su kifa ƙwarya cikin ruwa suna bugunta da takalmi. Musa Ibra, wanda daga baya ya zama jagoransu, yaro ne ƙarami a lokacin.

Shekara da shekaru abincinsu yana wurin bukin aure da na suna, galibi a unguwannin talakawa, inda abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ƙunci shi ke watsa ƙungiyoyin makaɗa da yawa, domin rabon kuɗi kaɗan yana da wuya. Su kuwa tukunyarsu ɗaya, saboda haka abin da ya shigo na gida ne, da shi suka yi ta sayen kayan kiɗa sannu a hankali.

Sai a 2018, bayan shekara 23, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifansu na farko, No. 1. Na biyu, Agadez, ya biyo baya a 2022, na uku kuma, 100% Sahara Guitar, a 2024. Sun yi wasa a Turai da Amurka.

Ga samarinmu masu marmarin jita, da iyayen da ke tsoron kiɗa zai raba su da ƴaƴansu, abin lura a nan shi ne: kafin duniya ta san sunan waɗannan makaɗa, matan unguwarsu ne suka fara rangaɗa musu guɗa. Mahaƙurci mawadaci.