Jigon So da Tuba a Littattafan Soyayya: Namu da na Kiristocin Amurka

1.0 Gabatarwa

Yayyenmu mata da suka yi 'yanmatancinsu a Dutsin-Ma da Kurfi cikin shekarun 1990 ba su manta da ƙananan littattafan nan masu bango mai launi ba, waɗanda ake sarowa daga Kano, a karɓa haya, a ɓoye a jakar makaranta ko ƙarƙashin katifa don kada uba ya gani. Iyaye da yawa sun ɗauke su a matsayin abin ɓata tarbiyya, wasu manazarta kuma suka ce ba su isa a kira su adabi ba. Sai dai wanda ya zauna ya karanta su a tsanake zai tarar da wani abin mamaki, watau kusan babu ɗaya daga cikinsu da yake ƙarewa ba tare da azzalumi ya ga sakayya, ko mai laifi ya tuba ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda so da addini da tuba suke haɗuwa su gina labari a waɗannan littattafai. Domin abin ya fito sarai, za a kwatanta su da wasu takwarorinsu na nesa, watau labaran soyayya na Kiristocin Amurka, musamman waɗanda ake rubutawa a kan jama'ar Amish.

2.0 Asalin Jigon a Rubutaccen Zube

Haɗa so da sakayya ba baƙon abu ba ne a ƙagaggun labaran Hausa. Cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda East ɗin ya rubuta tare da John Tafida, wani Kirista Bahaushe na Wusasa. Abubakar yana son Zainab, wani attajiri ya fi shi kuɗi ya aure ta, shi kuwa ya bazama neman asirin ramuwa. Asirin ya kama ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin mahaifinsa, Abubakar kansa kuma bai ƙare da daɗi ba. Tun daga nan aka kafa tubalin da za a yi ta gini a kansa, cewa so in aka danne shi da ƙarfin dukiya yakan haifi zalunci, zalunci kuwa ba ya kwana a inda aka shuka shi.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, duka biyu a kan soyayya. Bayan wannan, tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A wannan zango ne aka sami Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ne ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana mai sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya wajen kare su. A 2007 abin ya kai har aka ƙona wasu daga cikinsu a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

3.0 Takwarorinsu na Amurka

A Amurka akwai kamfanonin ɗab'i na Kirista da suka daɗe suna fitar da labaran soyayya masu tsabta, waɗanda babu batsa a cikinsu, kuma dole tauraro ko tauraruwa su ƙare da kusantar Ubangiji. Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada, ta buɗe wannan kasuwa sosai da littafinta Love Comes Softly a 1979. Francine Rivers ta fitar da Redeeming Love a 1991, inda ta ɗauko labarin Hosiya na Tsohon Alkawari ta mayar da shi Kalifoniya zamanin haƙar zinariya. Wani manomi mai tsoron Allah ya auri karuwa, tana gudu yana maido ta, har ta yarda cewa ita ma ana iya yafe mata.

Su kuwa Amish wata ɗarika ce ta Kirista da ta ɓalle a Turai a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, daga baya mabiyanta suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a wurare irin su Lankasta ta jihar Pensilbaniya. Manoma ne masu gudun ƙawar duniya, keken doki suke hawa, matansu suna rufe kai, wanda ya karya dokar jama'a bayan an yi masa baftisma kuwa sai a ƙaurace masa. Beverly Lewis ta gina littafinta The Shunning na 1997 a kan wannan ƙauracewa, daga nan kuma marubuta irin su Wanda Brunstetter da Cindy Woodsmall suka biyo baya. Abin lura shi ne, yawancin marubutan ba 'yan Amish ba ne, haka ma yawancin masu karantawa. Mata ne Kiristoci, waɗanda hayaniyar zamani ta gajiyar, suke leƙen rayuwar ƙauye da kunya da biyayya ta tagar littafi.

4.0 Warwarar Jigo

Idan aka jera littattafan ɓangarorin biyu, za a ga tsani ɗaya suke hawa. Da fari akwai so. Sai cikas ya gitta, ko daga iyaye, ko daga dukiya, ko daga dokar jama'a. Sai wani ya faɗa saɓo ko zalunci. Sai jarrabawa ta zo, ciwo ko talauci ko rabuwa. A ƙarshe sai tuba da daidaitawa. Duka ɓangarorin kuma sun yarda cewa aure ne kaɗai masaukin so, wanda ya nemi wata hanya kuwa zai ɗanɗana kuɗarsa. A In Da So Da Ƙauna, alal misali, duk da Sumayya ta kai ga faɗawa rijiya saboda an hana ta Muhammadu talaka ana so a ba ta Abdulƙadir mai kuɗi, marubucin bai bar masoyan su gudu su zauna ba aure ba. Sai da ya bi da su ta wahala har manya suka sauko, sa'an nan ya haɗa su.

Bambancin yana fitowa ne a matakin ƙarshe. A labarin Kirista, laifi yana wankuwa ne ta hanyar alherin Ubangiji wanda bawa bai cancanta ba, don haka babban fagen labarin a cikin zuciya yake, lokacin da tauraruwa ta miƙa wuya ta karɓi gafara. A wurin marubucin Hausa Musulmi kuwa haƙƙi iri biyu ne. Akwai haƙƙin Allah, wanda nadama da barin laifi da niyyar rashin komawa suke kankarewa. Akwai kuma haƙƙin bawa, wanda ba ya faɗuwa sai an mayar da abin da aka ci, ko mai shi ya yafe. Wannan fahimta ita ce ta haifar da fitowar nan da kowane makaranci ya sani, inda mugun miji ko muguwar kishiya suke kwance ciwo ya ci ƙarfinsu, suna aikawa a kirawo wanda suka zalunta su roƙe shi gafara a gaban jama'a. Tuba a nan ba ta cika a asirce, sai da shaidu, kuma makullinta yana hannun wanda aka cuta.

Alhaki Kuykuyo Ne misali ne mai kyau. Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi, uwar 'ya'yansa tara, ya kore ta saboda amaryarsa Delu. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, 'yarta Saudatu ta sami miji nagari. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba shi da wurin zuwa sai inda ya tofa wa yawu. Wannan littafi ya kai ga an fassara shi zuwa Ingilishi, Aliyu Kamal ne ya fassara, aka buga a Indiya a 2012.

Bambanci na biyu shi ne matsayin marubuci. Mai rubuta labarin Amish baƙuwa ce, tana ƙawata rayuwar da ba ita za ta zauna a ciki ba. Marubuciyar Hausa kuwa 'yar gida ce, ciwon da take bayyanawa a jikinta yake ko a jikin maƙwabciyarta. Shi ya sa addini a hannunta yakan zama makami. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an aurar da ita ga Sarkin Noma tana ƙarama, ta gudu, ta nemi ilmi, ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ba ta ɗora laifin a kan Musulunci ba, a kan al'ada da jahilci ta ɗora shi, tana kafa hujja da cewa neman ilmi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji. Saboda haka wanda ya ce waɗannan littattafai yaƙi suke yi da addini, da wuya in ya karanta su.

5.0 Inda Gizo Yake Saƙa

Wannan ba ya nufin jigon ba shi da rauni. Na farko, nauyin haƙuri kusan kullum a kan mace ake ɗora shi. Rabi da ta sha wuya ta tsaya da ƙafafunta, a ƙarshe ita aka matsa wa ta koma wa mijin da ya kore ta, mai karatu kuma zai tambayi kansa, shin tuba Alhaji Abdu ya yi, ko kuwa talauci ne ya durƙusar da shi? Wannan tambaya tana da nauyi, domin yarinyar da take karatu a ɗakinta a Kurfi tana koyon abin da za ta ɗauka gobe a gidan miji. Na biyu, a littattafai da dama ladan mai haƙuri ba ya wuce miji attajiri da mota da gidan sama, har mutum ya zaci arziki shi ne shaidar yardar Allah, alhali kuwa ba haka malamai suka karantar ba. Na uku, wasu marubutan sukan cika shafuka da bayanin saɓo filla-filla, sa'an nan su liƙa tuba a shafin ƙarshe don su sami abin kare kai. Irin wannan tuba ta takarda ita ce ta ba masu suka hujja. Labaran Amish ma ba su tsira ba, domin ana zarginsu da mayar da rayuwar wasu mutane hajar sayarwa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa littattafan soyayya na Hausa da na Kiristocin Amurka suna tafiya a kan tsani ɗaya daga so zuwa tuba, amma kowanne yana fassara tuba gwargwadon aƙidar mutanensa, wancan yana mai da hankali ga gafarar Ubangiji a zuci, wannan kuwa yana ƙarawa da biyan haƙƙin bawa a bainar jama'a.

Saura wani aiki da ya rataya a wuyanmu. Labaran sun bar takarda sun koma wayar hannu, ana rarraba su ta WhatsApp da Wattpad, tsofaffin kuwa gara da ruwan damina suna cinye su a akwatunan iyayenmu, da yawansu ma ba a sa musu shekarar bugu ba. Tun da Dutsin-Ma ta sami jami'ar tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, bai kamata a ce ɗalibin Hausa sai ya je Kano kafin ya ga waɗannan littattafai ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa in ya je hutu ya tambayi yayarsa ko gwaggonsa abin da ya rage a hannunta, ya kuma rubuta abin da ta tuna game da yadda aka karanta su. Ina kuma roƙon malamanmu su ware musu kanta a ɗakin karatu, domin wanda zai yabe su da wanda zai kushe su duka sai sun fara samun abin karantawa.